Zoben Yaya Hanne a Cikin Faifai

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya Kaka ta zo ta zauna da mu a Riyad saboda maganin idonta. Baba ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, Mama kuma tana fama da goyon tagwaye, don haka ni aka bar wa Kaka. Gidanmu doguwar katanga gare shi da ƙofar ƙarfe, ba maƙwabciyar da ke leƙowa ko don gaisuwa. Kaka takan wuni a bakin taga tana sauraren motoci, ni kuma in dawo daga makaranta baki cike da Larabci, Hausar tawa duk a karkace.

Da sanyi ya shigo ta ƙi hita, ta ce tana busar mata da maƙogwaro, sai aka samo mata kasko da gawayi. Bayan magariba mukan zauna a tsakar gida mu biyu rak, ta miƙa tafukanta kan garwashi ta ce, "Ummi, ga wata tatsuniya nan a bakin ƙofa, a shigo da ita?" Ni kuma in ce, "Ta shigo mu ji ta."

A cikin sanyin nan aka bugo waya daga gida cewa yayarta, Yaya Hanne, ta rasu. Har an kai ta kafin labarin ya iso mu. Kaka ba ta yi kuka a gabanmu ba. Bayan kwana uku ta zaro wani faifan garmaho daga ƙasan akwatinta, naɗe a tsohon zane. Kiɗan ƙwarya ne na matan garinsu da aka ɗauka tun tana budurwa, Yaya Hanne ce ke buga ƙaramar ƙwaryar. Ta miƙa wa Baba ta ce, "Sa mini in ji."

Baba ya yi ta yawo a kasuwar Dira har ya samo tsohon garmaho. Da allura ta hau faifan, sai ƙas-ƙas da fas-fas kamar an watsa gishiri a wuta, muryoyin matan can a baya. Ya ce duk sawa ɗaya faifan ƙara cinyewa yake yi. Sai ya jona waya, ya kwashe sautin cikin kwamfutarsa, ya sa ta share duk ƙarar a tashi ɗaya.

"Shi ke nan, Inna, na wanke miki shi tas," in ji shi, yana murna.

Kaka ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta tashi ta shige ɗaki.

Da yammar nan ta ba ni wata tatsuniya da ban taɓa ji ba. Wasu 'yan mata ne biyu, ya da ƙanwa, kogi ya ratsa tsakaninsu ya ƙi janyewa. Kullum da la'asar yayar takan ƙwanƙwasa ƙwarya daga can tsallake, ƙanwar ta ji, ta san tana nan lafiya. Amma kwaɗi da gyare da iska sun cika bakin ruwan da surutu. Sai ƙanwar ta roƙi kogin ya kashe mata duk wata hayaniya don ta ji 'yar'uwarta sosai. Kogin ya amsa. Kwaɗi suka yi tsit, iska ta kwanta, ƙwanƙwasar ma ta ɗauke.

"Sai me ya faru, Kaka?"

"Sai ta zauna tana saurare. Tana can har yau."

Sai faifan ya faɗo mini a rai, na ce, "Kaka, me Baba ya cire?"

Ta ɗauki kofin shayinta, ta buga shi da zoben hannunta, ƙas, ƙas. Ta ce, "Yaya Hanne ba ta cire zobe in za ta yi kiɗa. Kowa ƙwarya yake ji, ni zoben nake ji."

Da na faɗa wa Baba, ya zauna ya dafe kai. Ya ce kwamfutar ba ta san zobe ba, duk ƙara mai kaifi datti ce a wurinta. Allah ya sa bai goge kwafin farko ba. Ya nuna mini yadda kowace ƙara ke fitowa a allon, siririya a tsaye kamar ƙaya, da yadda zan cire su ɗaya bayan ɗaya.

Haka muka koma gaban kwamfuta, Kaka da abin saurare a kan ɗankwalinta. In saki ɗan guntu, ta karkata kai. "Datti ne, cire." In saki na gaba. "A'a, bar wannan, ita ce." Makonni muka yi a haka. Tsakanin ƙara da ƙara take ba ni labarin Yaya Hanne, faɗanta, dariyarta, yadda ta goya Kaka ranar da ƙaya ta soke ta a hanyar rijiya.

Dab da ƙarshen waƙar akwai wurin da faifan ya karce sosai, ƙarar karcewar tana faɗowa daidai kan bugun ƙwarya. Sau biyar na maimaita mata. Sai ta zare abin sauraren ta ce, "Ban sani ba, Ummi. Ban gane ta ba." Ranar na fara ganin hawayenta. Da ta share fuska ta ce, "Bar su duka."

Da bazara ta koma gida, a can Allah ya karɓi abinsa. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce kan gaggawa, a duba kafin a share. Sai da na girma na fahimci tsoro ne Kaka take gaya mini, tsoron ranar da za a buga zoben a rasa mai gane shi. Ni da ban taɓa ganin Yaya Hanne ba, yau ni kaɗai na rage da ke iya tsinto hannunta a cikin kiɗan. In waƙar ta kai wurin karcewar nan, har yanzu nakan karkata kai in kasa kunne, amma ba wanda zan juya in tambaya.