Motar da Na'Allah Ya Saya Fam Ɗari da Arba'in

Waɗanda suka san Na'Allah yana saurayi a Bodinga ba su taɓa zaton zai tsufa ba. Ɗan manomin albasa ne, gajere mai faɗin ƙirji, kuma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Kafin ya yi gemu ya fasa wa mutum biyu hanci a bakin rijiya, ya kuma gutsire wa wani kunne da haƙori a kan iyakar gona. Da aka zo neman samarin da za a kai yaƙin Bama, dattawan unguwarsu ba su daɗe suna shawara ba. Sunansa suka fara bayarwa.

A soja ya koyi tuƙi. Bayan shekara huɗu ya dawo da tabon ƙuna a wuya, maganarsa ta ragu, fushinsa yana nan inda yake. Wani attajirin goro a Sakkwato ya ɗauke shi direba, ya yi shekara bakwai yana jan babbar mota tsakanin Sakkwato da Jega. Ranar da suka rabu, taya ce ta fashe, attajirin ya mare shi a gaban 'yan dako. Na'Allah ya sure shi da babbar rigarsa da rawaninsa ya nana da ƙasa, haƙarƙari biyu suka karye. Wata shida ya yi a gidan yari. Da ya fito ya ce wa matarsa Kaltume shi da riƙe sitiyarin motar wani har abada.

Kaltume ta tono tukunyar da take binne masa ajiya tun dawowarsa daga soja, aka sami fam ɗari da hamsin. Wansa Maniru, wanda yake kira Magaji, ya sayar da bijimansa uku da albasar bana gaba ɗaya, ya kawo fam sittin. Maniru mutum ne mai sanyi, dogo, mai tafiya kamar yana tsoron taka tururuwa. Tun suna yara shi ke zuwa ba da haƙuri duk gidan da ƙanensa ya yi ɓarna. Sabuwar mota ko kusa da ita kuɗinsu ba su je ba, don haka suka nufi wani fili a bayan kasuwar Sakkwato, inda wani dillali mai suna Bala yake sayar da tsofaffin motoci.

Mota uku suka tarar. Bala ya fara kai su gaban wata ja, fentinta yana ɗaukar ido, bodinta na sabon katako.

"Soja, ga taka," in ji Bala. "Fam ɗari biyu da biyar. Aradu ko Bature bai hau irinta ba."

Maniru ya shafa ƙofar yana murmushi, ta riga ta shiga ransa. Na'Allah ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashinta, ya kwance murfin akwatin giya, ya tsoma yatsa. Da ya fito sai ga garin katako cuɗe da baƙin mai a hannunsa, an zuba ne don a danne ƙarar giyar da ta cinye. Ya duba lagireto, ya kankare da farce, sabulu aka liƙe huda da shi aka bi da fenti.

Bala ya buɗe baki zai yi bayani. Na'Allah ya damƙi ƙeyarsa ya buga fuskarsa a jikin motar, sau biyu, sannan ya cusa masa garin katakon a baki. Jini ya biyo hancin Bala ya ɓata masa gaban riga. Maniru ya rungume ƙanensa ta baya yana cewa, "Na'Allah, jiya-jiya ka hito! So kake ka koma?" Da kyar ya ɓamɓare shi.

Ta biyu tsohuwar motar soja ce, koriya, ba abin da ya same ta. Na'Allah ya san irinta kamar tafin hannunsa. Ya daɗe yana zagaya ta, ya hau ya zauna, ya sauko. Amma fam ɗari uku ce, kuma mai ita ya ce ko sule ba ya ragewa. Ya juya mata baya, bai sake kallon wajen ba.

Ta uku tana can ƙarshen fili gindin wata bishiyar bedi, ruwan ƙasa, kaji sun yi ƙwai a gidan gaba. Tayoyinta sun suɗe, katakon bodi ya ruɓe. Na'Allah ya zuba mata fetur kaɗan, ya sa ƙarfen tada mota a gaba ya murɗa. Murɗa ta biyu ta kama. Ya kara kunnensa a jikin injin ya rufe ido, ya daɗe a haka.

"Wagga nawa?"

Bala, yana toshe da hanci, ya ce, "Ɗari da arba'in."

"Injin nan shi kaɗai ya hi haka. Mi ad da ita?"

Da ba a buga shi ba, da ƙarya zai yi. Yanzu kuwa tsoro ya sa ya faɗi gaskiya. Shekara biyu da suka wuce motar ta take wani magidanci mai suna Nuhu a bakin kasuwar Shagari, ta bi ta kan ƙirjinsa a gaban uwarsa. Direban ya tsallake iyaka ya tsere ƙasar da Faransa ke mulka. Mai motar ko gaisuwar mutuwa bai aika ba. Ƙannen mamacin, maƙera ne a wani ƙauye kusa da garin, suka yi rantsuwa duk ranar da motar ta sake bin hanyar sai sun ƙone ta da wanda ke ciki. Tun daga nan babu direban da ya yarda ya hau ta.

Maniru ya ja ƙanensa gefe. "Hanyar Jega ta Shagari ta bi, ba ta da wata. Mu bar ta. Mu koma gida mu ƙara noma shekara guda, mu sayi koriyar."

"Shekara guda ina zaune ina kallon bango? Magaji, wagga da ɗari da arba'in, sauran saba'in ɗin taya da katako da lasin. Gobe-gobe mu fara aiki."

"To, in ka nace, mu tahi gidan mutanen nan da goro. Mu gaishe su, mu ce mota ta sake hannu."

"Ni na kashe musu ɗan'uwa?" in ji Na'Allah. "Ban roƙon kowa."

Aka biya, aka ja mota zuwa Bodinga. Wata guda yana aikinta a ƙofar gida. Ya sa tayoyi huɗu masu sauran ƙwari, kafinta ya buga sabon bodi, ya shafe ta da shuɗin fenti tun daga gaba har baya. Kaltume ta ce ba ta taɓa ganin mijinta yana dariya shi kaɗai ba sai a wannan watan. Ya yi sawu uku zuwa Jega da gero da albasar mutanen Sifawa, ya ratsa Shagari ba wanda ya ɗaga kai. Maniru ma hankalinsa ya fara kwanciya, har ya ce sawu na huɗu da shi za a je.

Ranar ta faɗo ranar kasuwar Shagari. Rana ta take tsaka, hanya ta cika da mutane da dabbobi. Wani jaki ya tsaya a tsakiyar hanya ya ƙi motsi, Na'Allah ya matsa ham. Duk abin da ya canza a motar, bai canza ham ba, kuma ham ɗin yana da wata shaƙaƙƙiyar murya mai karyewa a tsakiya, wadda ba a mantawa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bakin hanya ta miƙe tsaye, faifanta ya kife. Shatu ce, uwar Nuhu. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

"Ita ce! Wallahi ita ce! Kabiru, ga wadda ta kashe ɗan'uwanka!"

Rumfar maƙera ba ta da nisa. Kabiru, ƙanen mamacin, ya fito da guduma a hannu, mutum biyar suna biye da shi, wani da gatari, wani da taɓarya da ya fizge a hannun mai sayarwa. Jakin yana nan a gaba, jama'a sun toshe baya. Na'Allah ya sa giya zai bi ta kan duk wanda ya tsaya, Maniru ya riƙe masa hannu.

"Kada ka ƙara musu gawa. Bari in yi musu magana."

Ya buɗe ƙofa ya sauka, hannuwansa biyu a sama. "Bayin Allah, ku saurara. Sayenta munka yi, mu mutanen Bodinga ne, ba mu..."

Bai ƙarasa ba. Taɓarya ta sauka a gefen kansa da wani sauti kamar an fasa ƙwarya. Ya durƙusa, hularsa ta faɗi, sannan ya kife.

Na'Allah bai tuna lokacin da ya sauko ba. Ya dai ga ƙarfen tada mota a hannunsa. Na farko da ya tare shi ya samu a muƙamuƙi, haƙora suka zubo. Kabiru ya kawo masa guduma, ya goce, ta sami gilashin gaba, gilashin ya tarwatse, wani tsini ya shige idon Na'Allah na hagu. Da ido ɗaya, jini yana bin fuskarsa, ya sauke wa Kabiru ƙarfen a damtse, ƙashi ya huda fata ya fito. Ya ƙara masa a wuri ɗaya. Aka sare shi da gatari a kafaɗa, aka buga masa sanda a gwiwa, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi. Ya ja jiki ya kwanta a kan Maniru ya rufe shi, sanduna suna sauka a bayansa. Yana jin ana farke tayoyi da wuƙa, buhunan albasa suna faɗowa. Wani ya kawo garwashi daga maƙera ya watsa a bodi, sabon katako da sabon fenti suka kama nan take. Warin ƙonanniyar albasa ya game kasuwa. Sai da 'yan doka suka iso da kulake jama'a suka watse.

Maniru ya kwana uku a asibitin Sakkwato bai buɗe ido ba, ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Na'Allah yana gadon da ke kusa da shi, an ɗaure masa ƙafa da sarƙa, an naɗe masa rabin fuska. Bai yi kuka ba. Ya roƙi ɗan dokan da ke gadinsa ya kwance shi ya bi gawar, aka hana.

A wurin shari'a ba a sami wanda ya ce ya ga mai taɓaryar ba. Kabiru ne ya jagoranci mutane, aka ɗaure shi shekara bakwai, bayan likita ya yanke masa hannun da ya ruɓe. Na'Allah aka ba shi shekara guda. Da ya fito, ofishin lasin suka ce mai ido ɗaya ba ya tuƙi. Gawar motar kuwa an daɗe da tura ta cikin wani kwazazzabo. Ya sayar wa wani makaniki injin yadda yake, bai je ya gani ba, ya sayi jakuna biyu.

Ya koma fadamar Maniru. Shi ke noma ta, shi ke ciyar da Saratu, matar marigayin, da 'ya'yanta mata uku, har ya aurar da su ɗaya bayan ɗaya. Bai iya noma kamar wansa ba, albasarsa ƙanana take fitowa, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidajen biyu ba. In babbar mota ta wuce a kan hanya yakan dakata da fartanya ya saurara har ƙarar ta ɓace, wani lokaci ya ce wa na kusa da shi, "Waccan ba ta kai Tambuwal." Sau da yawa kuwa ba ta kaiwa.

Ana saura shekara guda Turawa su sauka daga mulki, ya kai albasa kasuwar Dandin Mahe. Yana sauke kaya ya hango wani ramamme yana zuga wa wani maƙeri wuta da hannu ɗaya, hannun rigarsa na dama a ƙulle. Kabiru ne, an sako shi kafin wa'adinsa ya cika. Shekara shida Na'Allah yana tsara abin da zai yi a wannan rana. Ya bar jakunansa ya taka har gabansa. Kabiru ya ɗago, ya gane shi, ya miƙe.

Na'Allah ya kai masa naushi a baki da duk ƙarfinsa. Kabiru ya faɗi cikin toka. Mutane suka taso, ya ɗaga musu hannunsa guda ya ce su tsaya. Ya tashi zaune, ya tofar da jini, ya kalli Na'Allah.

"Ƙara," in ji shi. "Ban ramawa. Ɗan'uwanka da hannunai sama ya sauko, na gani. Kullum sai na gani."

Na'Allah ya sake dunƙule hannu. Ya tsaya a kansa yana huci. Can ya juya ya koma wurin jakunansa, ya sayar da albasar a farashin farko da aka taya, ya kama hanyar gida tun kafin la'asar.

Kaltume ta ga bayan hannunsa a kumbure, fatar ta tsage. Ba ta tambaye shi ba. Ta ɗora ruwa a wuta, ta zuba gishiri, ta zauna tana gasa masa. Da ta gama ya ce mata gobe ta aika wa Saratu rabin kuɗin albasar, kuma ta gaya mata mako mai zuwa zai zo ya gyara mata dangar da ta faɗi.