Littafi na uku da ban karanta wa Anti Balaraba ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina ɗaura ɗankwalin tafiya lekol, makarantarmu ta boko, Inna ta shigo ta ce Anti Balaraba ta rasu.

Maƙwabciyarmu ce a unguwar Habbena, aure ya kawo ta daga Kano. Ita ta koya min karatun Hausa, don a makaranta Faransanci da Larabci kawai muke yi. A tabarmarta na fara haɗa baƙi, tana dakan yaji tana yi min dariya.

Littattafan soyayyarta kuwa, akwati guda. Ba ta taɓa hana ni aro ba.

Da ciwon suga ya taɓa mata ido, sai ta daina gani sosai. Zuwana na ƙarshe ta miƙo min na ukun wani littafi, ta ce, "Zara, na karanta ɗaya da biyu, ban san ko sun yi aure ba. Ki zo ki karanta min mana, 'yar gari."

Na ce to, Anti.

Na kai shi gida na cinye a yini ɗaya. Amma kalaman da ke ciki! Ta yaya zan buɗe baki in furta su da ƙarfi, surukarta na zaune a tsakar gida? Kunya ta hana ni. Sati bakwai ina cewa gobe.

Tun safe zuciyata ta rabu biyu. Ɗaya tana cewa ke muguwa ce, butulu. Ɗaya tana lallashi: ai damina ce, layinku ya cika da ruwa, ga jarrabawa. Wallahi ƙarya ne. Ruwan bai hana ni zuwa siber in hau intanet ba.

Bayan an tafi da ita maƙabartar Lamadji na faɗa wa Inna komai ina kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kalas, ya isa. Tun ɗazu ni, ni, ni kike ta yi. Kin yi laifi, ki nemi gafara. Amma yau ba ranarki ba ce, tata ce."

Na ji zafi. Gaskiya ce kuma.

Allah Ka jiƙan Anti Balaraba, Ka haskaka kabarinta, Ka sa ciwon ya zama kaffara. Wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya ce min in yi haƙuri. Ƙulhuwallahu ƙafa uku za ku yi mata.