Mama Shetu, Mai Makullin Littattafan Latin

Ƙarfe bakwai da rabi Mama Shetu Musah take sauka daga jirgin ƙasa a unguwar Edgbaston, nan ƙasar Turawa. Sai ta hau bene na uku a laburaren wata tsohuwar ƙungiyar likitoci, ta wanke hannu, ta buɗe kabad. A ciki akwai littattafai arba'in da ɗaya masu bangon fata, wasu sun haura shekara ɗari uku. Da Latin aka rubuta su, kuma duk nasiha ce ga sabon likita: yadda zai shiga ɗakin marar lafiya, yadda zai riƙe sirri, yadda zai duba talaka. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki. Juma'ar nan za ta yi ritaya, ni kuwa tun da na ji nake zumuɗin in ba ku labarinta.

A zangon Kumasi aka haife ta. A sakandaren 'yan mishan ta koyi Latin, mahaifinta yana ta mita wai me za ta yi da yaren matattu. A takarda, mai jera littattafai ce kawai. Amma ku tambayi Dakta Jumare.

Shi da kansa ya ba ni labari. A shekararsa ta farko ta aiki ya rubuta wa wani tsoho magani fiye da kima. Tsohon ya galabaita kwana biyu, ya farfaɗo, ba wanda ya gano dalili. Jumare ya shawarta ya yi shiru, don tsoron kada aiki da biza su tafi tare. Ya hau wurin Mama, ta sa ya faɗa mata abin da ya faru. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta ɗauko wani ƙaramin littafi, ta bi layi da yatsa, ta fassara masa da Hausa cewa likitan da ya ɓoye kuskurensa ya cuci marar lafiya sau biyu.

"Ɗana," in ji ta, "wanda ya rubuta wannan ma ya san tsoron da kake ji. Tashi ka je."

Ya je ya faɗa wa ogansa, ya faɗa wa iyalan tsohon. An bincike shi wata uku, aka bar shi a kan aikinsa. Yau GP ne, wato likitan unguwa, a Cheetham Hill da ke Manchester.

Da tsuke bakin aljihu ya yi tsanani a 2015, kwamitin ƙungiyar ya yanke a sayar da littattafan, wai ba mai karanta su. Mama ta buga wa Dakta Zinatu, ɗaya daga cikin likitocin da suka saba zuwa wurinta, waya a Manchester don ta tara sauran. Ranar zaman, likitoci goma sha tara suka cika ɗakin, wasu daga aiki ko gida ba su biya ba. Ina wurin. Mama ta miƙe da mayafinta, ta karanta shafi guda da Latin, da muryar nan tata ta 'yar zango, ba ko gargada. Shugaban kwamitin, wani dattijon likitan tiyata, ya amsa cewa shekara talatin yana wuce kabad ɗin nan bai san abin da ke ciki ba. Aka fasa sayarwa. An dai rage mata ranakun aiki zuwa uku, ta ci gaba da zuwa biyar.

Mama, ke ce kika tsare amanar mutanen da ba ki taɓa gani ba, kika miƙa wa 'ya'yan da ba ke kika haifa ba. Uwar likitoci ba tare da kin taɓa riƙe allura ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutu.

Mu kuma kada mu tsaya ga tafi. Duk abin da ka iya, ka nemi wanda za ka koya wa. Mama ta ce mai son Latin ya same ta gida ranar Asabar bayan La'asar, shayi nata ne. Ni dai na riga na sayi littafin rubutu da tikitin jirgin ƙasa.