Wardin da Ke Shan Ruwan Alwala

A tsakar gidanmu na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, akwai wani wardi da ya girmi kowa. Baba ya ce kakansa ne ya zo da reshensa daga Turabulus cikin ayarin fatake, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ba wani kyau gare shi ba. Ƙaya ta fi ganye yawa, furen ƙarami ne, koɗaɗɗen ja, kwana ɗaya ya zube. Amma in ya buɗe da sanyin safiya, har maƙwabta sai sun leƙo. Manyan nan da ake sayarwa yanzu a bakin titi na sha sunsuna su, ban ji komai ba. A da gidajen fatake da yawa a Damagaram suna da irinsa, aka yi ta sakaci har namu kaɗai ya rage.

Ba a taɓa ɗebo masa ruwa na musamman ba. Al'adar gidan ita ce duk mai alwala ya tsuguna a gindinsa, abin da ya zubo daga hannu da fuska shi ne rabonsa. Ni dai haushinsa nake ji, don ya sha yaga mini zane.

Shekarun fari sun same ni a gida da yarana biyu, mijina ya tafi cin rani. Tafkuna suka ƙafe, rijiyar unguwa ta koma laka. Sai in wuni a layin famfo in dawo da tulu guda, ni ce kuma mai rabo: na tuwo, na sha, na yara. Liman ya ce wanda ba shi da ruwa ya yi taimama. Duk muka koma buga ƙasa, ban da Baba.

"Ba ni butata," in ji shi.

"Baba, liman fa ya yi magana."

"Cewa ya yi an yarda. Bai ce dole ba."

Nakan zuba masa ina ƙunƙuni. Ya yi ta wanke gwiwar hannu a hankali, yana karkata ta saitin gindin. Na san ba tsoron Allah ne kaɗai ba.

Ranar da gudawa ta kama autana, na ce wa Baba yau babu. Ya dubi yaron, ya rataye butar. Daga nan na lura in na miƙa masa ruwan sha, sai ya kurɓa ya je gindin wardin ya furzar, wai yana kurkure baki. Leɓunansa duk sun tsattsage. Na yi faɗa, na yi kuka, ban san wanda zan ceta ba.

Na roƙe shi mu yanki reshe mu kai Mirriya, inda gwaggona take da garka mai sauran ruwa.

"Ba a yankan wardi da rani, 'yar nan. Sai damina ta zauna. Haka na tarar."

Muka jira. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Ya sake haɗuwa, ya sake watsewa. Ganyen ya yi ta zuba ina sharewa.

Wata safiya, ruwa bai sauka ba har yanzu, Baba ya ce in jiƙo tsumma. Na jiƙa da ruwan kunun yara. Ya ɗauko wuƙarsa ta dukanci, ya yi bisimilla, ya kama reshe. Tun kafin wuƙa ta taɓa shi ya karye, ƙas, cikinsa a bushe kamar karan dawa. Ya kama wani. Ya kama wani, yana gangarawa har gindi, ƙaya na fasa masa yatsu. Ina tsaye da tsumma yana ɗiga a ƙafata, ba abin da zan naɗe.

Bai yarda a tumɓuke kututturen ba. Da aka kira azahar ya je ya tsuguna inda ya saba, ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya buga tafukansa a busasshiyar ƙasar gindin, ya shafa a fuskarsa.