Tsarkiyar da ta tsinke a bango

"To, su nawa ne suka rage, Baba?" in ji Yaya. "Bara ka ce goma."

"Na ce kamar goma."

"Kamar ɗin nan taka ta fi roba talewa."

Kawu bai yi dariya ba. Tun kafin a haife mu yake gyaran garaya a wannan ɗan shagon, yanzu kuwa ido ya yi rauni, gwiwa ma ta ƙi. Yaya, babbar 'yarsa, ta daɗe da share masa ɗaki a gidanta. Ya yi mata alkawari cewa ranar da makaɗan garin suka kasa cika yatsun hannu ɗaya, zai rufe shagon ya koma wajenta.

Shi ba ya ƙirga garayun da ke gidaje, don ya ce rabinsu ado ne a bango. Tsarkiya yake ƙirgawa. Duk mai kaɗawa sai ta tsinke masa, in ta tsinke kuwa nan zai kawo ta.

"Akwai direba, akwai tela da ƙaninsa, akwai malamin makaranta," ya ce yana lanƙwasa yatsu. "Ga kuma Dogo mai gadi. Hannu ya cika."

Muna cikin haka sai ga matar Dogo da garaya naɗe a zane. Suka gaisa, ta miƙa masa. Kawu ya zare tsarkiyar, ya bi ta da yatsa a hankali har ƙarshe.

"Wadda hannu ya cinye, a tsakiya take sirancewa," ya ce. "Wannan a wuya ta tsinke, tana rataye. Yaushe rabonsa da ita?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Tun da hannunsa ya shanye. Ya ce kar in faɗa maka, wai za ka rufe."

Yaya ta kawar da fuska. Ga shi dai ta samu abin da take so.

Kawu ya ɗaura sabuwar tsarkiya, ya ja ta har sautin ya zauna. Ya ciro makullin shagon ya ajiye a tafin Yaya.

"Ki rufe. Ni zan kai masa, ko da kunne ne ya ji ta."

Ya rungumi garayar, ya bi bayan matar yana ɗingishi.