Jan Layi a Wuyan Malam Habibu

Ranar wata Talata ce cikin damina, ina aji biyar, saura sati biyu mu fara jarrabawa. An gama taron safe amma ba a sallame mu ba, muna tsaye a filin makarantarmu ta firamare a Tarauni, takalmanmu duk sun nutse a taɓo. Hedimasta ya ɗaga wani littafin rubutu sama, ya buɗe shafin farko. Hoton malamin ajinmu ne, Malam Habibu, da hularsa da gilashinsa, kamar ka kira shi ya amsa. A wuyansa wani jan layi ya gitta daga gefe zuwa gefe, tawadar ta zubo har kan rigarsa. Hedimasta ya ce, "Wa ya yi wannan?" Ni na san wanda ya ja layin, don hannuna ne.

Littafin namu ne ni da Nkechi, wadda kowa ke kira Kechi. Gidan haya ɗaya muka tashi, ɗakunanmu na kallon juna, rijiya a tsakani. Iyayenta Kiristoci ne daga Kudu, babanta yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago a Gyadi-Gyadi. Ita kuwa a Kano aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, zagi ma ta fi ni iyawa. Tare muke jan ruwa, tare muke wanke-wanke a bakin magudana, in an aike ni kai markaɗe ta raka ni, mu tsaya 'yar gala-gala a hanya har kayan miya su fara tsami, mu dawo a yi mana faɗa tare.

Zane kuwa ita Allah ya ba. A shagon babanta akwai tarin tsofaffin jaridu, ita ba ruwanta da labarai, shafin barkwancin masu zane take yagewa ta tara cikin gwangwanin madara. Duk takardar da aka ƙunsa mana ƙosai sai ta warware ta duba, ko da mai ya jiƙa ta. Daga nan ta koyi raba shafi gida-gida, da yadda ake fitar da magana daga bakin mutum cikin da'ira, da 'yan layukan da ke nuna gudu. Ni ko kaza na zana sai a ce buta ce, amma fa bakina bai mutu ba. Sai muka raba aiki: ita zane, ni labari da maganganun cikin da'ira. 'Yan ajinmu suka riƙa karɓar littafin bi da bi, kowa kwana ɗaya. A labarinmu na ƙarshe muka sa Malam Habibu jarumi, yana fatattakar ɓarayin awaki da bulalarsa, saboda muna son sa. Shi kaɗai ne malamin da ba ya zagin iyaye in ya yi fushi.

Ranar Lahadi kakata, Inna, ta same ni a zaure ina cike da'irori. Ta karɓa ta kai kusa da idonta, ta gane Malam nan take, don maƙwabcin ƙanwarta ne. Ba ta dake ni ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Binta, mai zana abu mai rai, gobe kiyama za a ce ya hura masa rai. Mu abin da muka gani ana yi, a ja masa layi a wuya, shi ke nan ya tashi daga mutum." Ta miƙo min ta ci gaba da jan carbinta. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Tsoron kaina nake ji, amma na fi jin na Kechi, tunda ita ta zana. A wautata cetonta zan yi, kuma ba zan gaya mata ba, kada ta ce na ɓata mata aiki.

Washegari da aka fita tara na zauna a aji ni kaɗai. Birona ya ƙare, sai na ɗauki jan biron da ke kan teburin Malam. Na fara da hoton farko, mafi girma, da niyyar in bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ina ja biron ya yi aman tawada, na sa yatsa zan goge, abin ya ƙara yaɗuwa. Aka kaɗa ƙararrawa. Na rufe na cusa a jaka, da aka tashi kuma yaron da layi ya zo kansa ya zare littafin ya tafi da shi gida. Babansa ne ya gani, shi ya kawo wa hedimasta da sassafe.

Duk makarantar an san mai zane, saboda haka Kechi aka jawo gaba. Ta tsaya da 'yar jakarta ta buhu, ta ce, "Ni na zana Malam, amma ban sa jan nan ba." Aka ce to wa ya sa? Ta juyo ta kalle ni. Ta san littafin a hannuna ya wuni. Na sunkuyar da kai ina kallon taɓo. Kalma huɗu kawai ake nema a bakina, amma na hango bulala, na hango babana, na yi gum. Ta juya ta ce ba ta sani ba.

Kafin la'asar magana ta canja kama. A bakin famfo cewa ake 'yar mai gyaran rediyo ta zana malami an yanka shi, a wajen mai shayi kuma har an ce ubanta ne ya sa ta. Kai, bakin mutane! Ba wanda ya taɓa su, amma gaisuwa ta ragu, matan gidan suka daina aika wa mamanta tuwo, masu kawo gyara suka riƙa zuwa suna karɓe kayansu ba a gama ba. Inna ba ta fita, ba ta kuma taɓa alaƙanta zancen da abin da ta gaya min ba. Kechi ba ta rubuta jarrabawar ba. Kullum ina ganinta ta labule tana tsintar shinkafa, kullum ina cewa gobe zan faɗa. Ƙarshen wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida aka loda katifunsu. Na ɓuya a banɗaki har motar ta tashi.

Yanzu ni malamar makaranta ce, ina da 'ya'ya uku. Shekaru biyu da suka wuce 'yata ta fara nuna min ayyukan matasan masu zanen labari a waya, 'yan Kano da 'yan Kudu, wasu ma 'yan mata da hijabinsu, suna zana 'yan adaidaita da masu kayan miya da layukan unguwa irin namu. Abin ya tsaya min a rai har na nemi wata yarinya mai zane muka fara littafin yara, ni labari ita hoto. Rannan ta ce, "Anti, wa ya koya miki raba shafi haka?" Nan take Kechi ta faɗo min a rai.

A satin na nemi gidan Malam Habibu a Unguwar Gano. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Na durƙusa na gaya masa komai, ina kuka kamar ba uwar wasu ba. Da na gama ya ce, "Ikon Allah. Ai mu ma haka muka taso ana yi wa hoto. Da kin faɗa a ranar, dariya za a yi a watse." Na ce ya yafe min. Ya ce, "Ni me kika yi min, Binta? Ba ni za ki roƙa ba."

Na fito na tsaya a bakin titi, adaidaita na ta wucewa ban tsayar da ko ɗaya ba. Yaran yau suna sa zanensu a waya da sunansu a ƙasa, duniya ta gani ta yaba, kuma ko a ina mutum yake ana iya lalubo shi. Na gwada, na sa 'yata ma ta gwada. Sai a lokacin na gane shekara goma sha ɗaya muna cin abinci kwano ɗaya da Kechi, ban taɓa tambayar sunan mahaifinta ba. Har yau ban san inda zan kai roƙon ba.