Dakan da Babu Kaji

Tun da ciwon ƙafa ya dawo da ni gidan autana a Damagaram, babu azabar da ta kai mini ta bayan isha'i. Ana sallamewa sai a ɗauko tele a kafa tsakar gida, a baza tabarmi, kowa ya zube. Fim ne wai mai dogon zango. Tun ina taka ƙafata ake kallonsa, yau ga ni da sanda bai ƙare ba. Attajiri zai fito daga mota, a nuna takalminsa, a nuna agogonsa, a nuna yana hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, in ja tasbihi in gama bai kai ƙofa ba. In ya kai kuwa, sai a buga wani kiɗa mai faɗar da gaba a ce sai gobe. Matar da aka binne bara ta dawo bana da sabon leshi. Wata ta tashi daga barci da jan baki raɗau. Manominsu kuwa riga a goge, ya riƙe hauya kamar an ba shi maciji. Kuka babu hawaye, ɗa yana nuna uban da ya haife shi da yatsa. Allah wadai, ni dai ƙyama nake ji.

Da a kaina abin ya tsaya da na ja bakina, tsohuwa ai ba a rasa ta da mita. Amma akwai jikata Nana. Farkon zuwana a ɗakina take kwana, ba ta barci sai na yi mata tatsuniya. Yanzu ko leƙe. Rannan uwarta Rabi, matar autana, ta aike ta, sai yarinyar nan ta kama ƙugu, ta murguɗa baki ta ce, "Ke kin san ko ni wace ce?" Maganar wata ce a fim ɗin. Gida ya ɗauki dariya, ban da ni. Duk waɗanda muka zauna gaban kakarmu Iya, ni kaɗai na rage. In Nana ba ta karɓi abin da ke kaina ba, tare za a binne mu.

A wani ƙauye kusa da Dantchiao na tashi, farkon shekarun 1970, kafin babban fari ya karya noman gyaɗa. Gyaɗar sayarwa inji ke ɓare ta, amma ta iri sai da hannu, don inji yana ji mata ciwo ta ƙi tsira. Wannan aikin yara ne, kuma a ƙofar ɗakin Iya ake yin sa in sanyi ya fara ja da baya. Da an ci tuwo sai mu kewaye ta, mu da ƴaƴan maƙwabtanmu masu shanu, kowa da ƙoƙonsa. Iya takan kunna wuta da ɗan kara, daga nan ba ta ƙara ko tsinke. Ɓawon da muke ɓarewa shi muke watsawa, shi ne abincin wutar. Muddin hannu na aiki akwai haske, in hannu ya tsaya wuta ta kwanta.

Da wannan Iya ke auna kanta. Ba fuskokinmu take kallo ba, wutar take kallo. Takan ce, "Tatsuniyar da ba ta kashe wuta ba, ba ta ci sunanta ba." In ta ɗauko wata ta ga wuta na ci bal-bal, muna ɓara muna tsokanar juna, sai ta katse da kanta. "Wannan ɗanya ce, ba ta nuna ba. A mai da ita rumbu." Ta ɗauko wata. Babanmu kan leƙo da safe ya ga buhu bai ragu ba, ya ce, "Iya, damina fa ba ta jiran tatsuniya." Ta ce, "Kai da kake kamarsu, wa ya fi ka sakin baki? Tafi ka ba ni wuri." Ya sosa ƙeya ya wuce.

Iya ba ta buɗe tatsuniya irin na kowa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta." Wadda ta fi zama a raina ita ce ta mai daka.

Wai a wata shekarar yunwa, wani mutum ya ɗauki ƴarsa ƙarama ya bi ayari zuwa garin da aka ce akwai hatsi. Suna tsakar daji sai suka jiyo daka, daka mai daɗi, kai ka ce mata uku ke lugude. Mutumin ya ce ai ga abinci kusa, me zai kai shi nesa? Ƴan ayari suka ba shi haƙuri, ya ƙi. Ya ratse ya bi ƙarar taɓarya har wani ɗan ƙauye. Can ya tarar da mace ita kaɗai, kyakkyawa, wuya cike da duwatsu, ga dogon turmi mai zane. Tana cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, tana waƙa. Mutane zaune kewaye da ita, duk sun rame, idanunsu na bin taɓarya sama da ƙasa. Ta ce, "Zauna baƙo, saura kaɗan." Ya zauna. Rana ta faɗi, ta rufe turmi da faifai ta ce gobe za a tankaɗe. Gari ya waye ta fito da sabon zane da sabuwar waƙa, ta ce saura kaɗan. Haka gobe, haka jibi, yarinya tana ta yaushi a cinyar ubanta.

A nan Iya kan sauke murya, ta mai da ita ƴar siririya irin ta yaron da yunwa ta ci.

"Baba, ban ga kaji ba."

"Yi shiru, saura kaɗan."

"Baba, a gida in Inna na daka, kaji har kan ƙafarta suke hawa. Ga kajin garin nan can a juji suna tono. Ko ɗaya ba ta zo nan ba."

Na tuna yayana Sani da gyaɗa a tsakanin yatsu, ya fasa ta bai buɗe ba. Babu ƙarar ɓawo ko ɗaya. Wuta ta koma ja, ta kwanta, muryar Iya kaɗai ta rage a cikin duhu. Ta ce mutumin ya miƙe, ya taka har bakin turmi ya leƙa. Wayam. Gindin turmi har sheƙi yake don shan duka. Ya juya ya ce, "Jama'a, babu komai a ciki!" Sai waɗanda ke zaune suka ce, "Malam, kauce, ka tare mana." Ya saɓa ƴarsa a kafaɗa ya bi sawun ayari da gudu, da ƙyar ya cim musu da sauran numfashi a jikinta.

Muka ce, "Iya, su kuma na zaunen?"

Ta ce, "Suna can. An ce musu saura kaɗan." Ta yi ƴar dariya. "Iyakarta ke nan. Wanda ya ji daɗi ya hura wuta." Mu duka muka durƙusa muna hurawa, toka na shiga mana ido.

A lokacin na ɗauka labarin yunwa ne kawai, da yake ba da jimawa ba muka ga yunwar da idonmu. Sai da na tsufa, aka zaunar da ni gaban tele, na gane mai dakan nan ba ta mutu ba. Na koma yin irin na Iya, na bar kallon gilashin ina kallon hannuwa. Rabi na yankan kuɓewa, wuƙa ba ta taɓa tsayawa ba. Autana na latsa salula. Samarin gidan na gardamar ƙwallo. Na tambayi Rabi me ya faru a na jiya, ta ce, "Wallahi Hajiya, ba abin da ya faru, amma an ce na yau akwai zafi." Ban hana kowa nishaɗi ba, mu ma mun yi dariya gaban Iya har da hawaye. Amma a tara mutane shekara da shekaru a kan turmin da babu ko tsaba, wannan cin amana ne.

Sai na aika aka sayo mini gyaɗa mai ɓawo. Bayan la'asar na kira Nana na ce ta taya ni, hannuna ya gaji. Ta zo tana kumbure-kumbure. Na ce ga ta nan tafe, na koya mata amsa, na zuba mata ta mai daka iya ƙarfina, har muryar yarinyar na siranta. Ina yi ina satar kallon hannunta. Bai tsaya ba. Tana ɓara tana jefawa a baki. Da na kai ƙarshe ta ce, "Shi ke nan? Babu kashi na biyu?" Ta karkaɗe zane ta tafi. Ranar na ji kunyar Iya, na ce ashe tawa ce ɗanyar.

Da isha'i aka kafa tele kamar kullum. Ina gefe da sauran gyaɗata. Attajirin nan ya sake fitowa daga mota, aka nuna takalmi, aka nuna agogo. Nana na gaba-gaba, ta tallabe haɓa. Can sai na ga ta miƙe tsaye, ta matsa har jikin gilashin tana leƙe, sannan ta juyo.

"Hajiya, ban ga kaji ba."

Rabi ta ce, "Waɗanne kaji kuma? Kauce, kin tare mana."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dube ni. Ta zo ta zauna a tabarmata, ta jawo ƙoƙon gyaɗa gabanta, ta ce in ƙara mata wata. Daɗi ya kama ni, sai kuma na tsorata. Shekaru sun kwashe mini da yawa, wasu kansu kawai nake tunawa babu ƙarshe, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya. Na gyara zama ina lalube a cikin kaina, ina roƙon Allah ya sa nawa turmin da sauran hatsi. Na ce, "Ga ta nan tafe."

Ta ce, "Ta zauna mu ji ta."